Tambaya: Wane ne ya rubuta Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa?

Ɗalibar Ƙofar Ƙaura ta rubuta:

Ina gaishe ku, iyayena da 'yan'uwana. Ran Laraba da yamma, muna zaune a kan benci a harabar majami'armu a nan Katsina muna nazarin Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, ɗaya daga littattafan Sabon Alkawari, sai wani dattijo ya ce Manzo Bulus ne ya rubuta ta, matashin da ke jagorantar karatun kuma ya ce ba shi ba ne, har aka kira sallar magariba a masallacin makwabta ba su daidaita ba. Na koma gida na duba farkon wasiƙar, ban ga sunan kowa ba. To, wane ne mai gaskiya a cikinsu?

Tsohon Malamin Makarantar Lahadi ya amsa:

'Yata, abin da kika gani shi ne tushen maganar, domin wasiƙu 13 da ke ɗauke da sunan Bulus duk da sunansa suka fara, wannan kuwa ta shiga wa'azi kai tsaye ba gaisuwa. Dattijon ba daga kansa ya ƙago ba. Masu bi na Iskandariya ta Masar sun daɗe suna danganta ta da Bulus, kuma a wani tsohon kundin wasiƙunsa na wajen shekara ta 200 an sa ta daf bayan wasiƙar Romawa. Cikin malaman Kirista na farko, Kilemas na Iskandariya ya ce Bulus ya rubuta da Ibrananci, Luka ya mayar Helenanci. Amma Tartuliyan na Afirka ta Arewa Barnaba ya ambata, Orijin kuma, wanda ya lura cewa Helenancinta ya fi na Bulus gogewa, ya ce Allah kaɗai ya san hannun da ya rubuta ta.

Ni dai na fi karkata ga matashin, saboda sura 2 aya 3, inda marubucin ya sa kansa cikin waɗanda suka karɓi saƙon daga bakin waɗanda suka ji Ubangiji. Ki haɗa da Galatiyawa 1:12, inda Bulus ya dage cewa ba daga wurin mutum ya karɓa ba. Da wuya bakin da ya faɗi wannan ya faɗi wancan.

Makwabci daga Daura ya amsa:

Malam, ni Musulmi ne, amma hujjarka ta ƙarshe ta ja hankalina, don ta yi kama da yadda malamanmu ke rarrabe sahabi da tabi'i ta hanyar duba wanda mai ruwaya ya ji daga gare shi. Ina tambaya, idan ba a san mutumin ba, ta yaya aka san zamaninsa?

Tsohon Malamin ya sake amsawa:

Madalla da tambayarka, makwabci. Wasiƙar da Kilemas na Roma ya aika wa Korantiyawa wajen shekara ta 96 ta ɗauko kalmomi daga Ibraniyawa, ke nan Ibraniyawa ta riga ta. Sura 13 ta ambaci sakin Timoti, abokin aikin Bulus, da gaisuwar mutanen Italiya, shi ya sa masana da yawa ke ganin masu bi na Roma aka rubuta wa. Wasu suna cewa kafin shekara ta 70 ne, domin mutumin da ya cika shafuka yana nuna cewa hadayun dabbobi ba su isa ba, da ya san sojojin Roma sun rushe Haikalin Urushalima, abin da ya faru a wannan shekarar, da bai yi shiru a kai ba. Wannan hujja tana da ƙarfi, ko da yake marubucin kan alfarwar zamanin Musa yake magana, ba Haikalin ba.

Ɗalibar ta ƙara da cewa:

Na gode, Baba. An ce wai har mace an ambata?

Tsohon Malamin:

Haka ne. Martin Luta, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, ya zaɓi Afolos, mutumin Iskandariya da Ayyukan Manzanni 18:24 ta yaba da iya magana, sannan a 1900 Bajamushen masani Harnack ya kawo sunan Bilkisu matar Akila. Sai dai a Ibraniyawa 11:32 marubucin ya ambaci kansa da sigar namiji a Helenanci, kamar bambancin "gajiyayye" da "gajiyayyiya" a Hausa. Ran Laraba ki kai wa dattijon 2:3 cikin ladabi, ki roƙe shi ya karanta muku da kansa.