Neman kalma: tarar nukiliyar da ake sake wa lissafi duk Janairu

Mai fassara, Kaduna:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina fassara labari a kan NRC, hukumar da ke sa ido kan tashoshin lantarkin nukiliya a Amurka. Duk farkon shekara tana sanar da iyakar kuɗin da za ta iya cin kamfani tara idan ya karya ƙa'ida. A 2024 dala 362,814 ne, a 2025 ya koma 372,240, a kan laifi guda, kuma kowace ranar da aka wayi gari ba a gyara ba ana lissafa ta daban. Kalmomi biyu ne suka tsaya mini a maƙoshi: "civil penalty" da "inflation adjustment". Na rubuta "ƙarin tarar farar hula", na karanta a fili, ni kaina sai da na yi dariya. A agaza mini kafin gobe da safe.

Lauya, Kano:
Wa'alaikumus salam, Malama. Gara da kika riga masu sauraro yin dariyar. Farar hula kishiyar mai kaki ce, kuma babu soja a wannan magana. Abin da Bature yake rarrabewa a nan shi ne hanyar hukunci. Akwai laifin da mai gabatar da ƙara zai tsaya gaban alƙali, a iya ɗaure mutum. Akwai kuma wanda hukumar da ta ba ka lasisi za ta aiko maka da takarda cewa ka saɓa sharaɗi kaza, ga abin da za ka biya. In ka yarda ka biya, in ba ka yarda ba ka nemi a saurare ka. Na biyun ake nufi.

Misalin da ya fi fito da bambancin shi ne tashar Davis-Besse da ke jihar Ohayo. A watan Maris na 2002 aka gano wani asid ya daɗe yana cin murfin tukunyar da makamashin yake ciki, har ya rage sai siririn ƙarfen da kaurinsa bai kai santimita ɗaya ba. A 2005 NRC ta ci kamfanin FirstEnergy tarar dala miliyan 5 da dubu 450. Wannan ita ce irin taki. A 2006 kuma kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 28 a yarjejeniya da Ma'aikatar Shari'a don kada a gurfanar da shi kan ba da bayanan ƙarya. Laifi ya fito daga rami ɗaya, amma ƙofofin hukuncin biyu ne. A kotunanmu na Musulunci muna da madaniyya, wato shari'ar haƙƙi tsakanin mutane, da jinaya, wato shari'ar aikata laifi, don haka ni "tarar madaniyya" zan ce.

Tsohon ma'aikacin rediyo, Zariya:
Barista, Allah ya ƙara sani. Amma na yi shekaru a gaban makirufo, kuma na san idan na ce "tarar madaniyya" rabin masu saurare za su ɗauka a Madina aka yanke ta. Kalmar ta zauna daram a takardar kotu, a kunnen mai shayi ba ta zauna ba. Kai da bakinka ka ba mu amsar ba ka lura ba: hukuma ce ta ci tarar, ba alƙali ba. To a ce "tarar hukuma", a bar "tarar kotu" ga ɗaya ɓangaren. Mutanenmu sun san wannan bambanci tun daga ranar da jami'in kiyaye haɗurra ya miƙa musu takarda a bakin titi, babu alƙali babu rantsuwa.

Kuma tunda na ambaci kiyaye haɗurra, 'yata, kada ki rubuta "tsaron nukiliya". Tsaro na ɓarawo ne da ɗan ta'adda. Abin da ake magana a kai shi ne kada tukunya ta yi yoyo. Ki ce "ƙa'idojin kiyaye haɗarin nukiliya".

Lauya, Kano:
Na sallama, Baba, amma da sharaɗi. Idan kamfani ya ƙi biya, kotu ake zuwa a karɓo kuɗin, don haka "tarar hukuma" ba ta rufe komai ba. Sai dai ta fi tawa saurin shiga kunne. A lura kuma kada wani ya kawo mana "diyya". Diyya ta wanda aka cuta ce, wannan kuwa baitulmalin gwamnati take tafiya.

Mai fassara, Kaduna:
Na gode ƙwarai. Saura ta biyun, wato "inflation adjustment". Editana yana son "Amurka ta ƙara tarar nukiliya", wai ya fi jan hankali.

Malamin tattalin arziki, Sakkwato:
Ki ba editanki haƙuri, wannan kanun zai sa mai karatu ya zaci an tsananta hukunci, alhali ba a ƙara masa ko ƙwayar zarra ba. Bari in ɗan ja zaren baya, don a tarihin kalmar take.

Bayan haɗarin tashar Three Mile Island a Maris na 1979, tarar da NRC ta ci kamfanin ita ce dala 155,000 kacal, domin doka a lokacin ta tsayar da dala 5,000 a kan laifi guda, kuma kada jimilla ta wuce 25,000 cikin kwana 30. A 1980 majalisar dokoki ta ɗaga ta zuwa dala 100,000. Wannan shi ne ƙari na gaskiya: mutane suka zauna suka ce hukuncin ya yi sauƙi. Daga nan adadin ya kwanta, kasuwa tana tafiya, tarar tana nan inda aka bar ta tana ramewa. A 1996 aka taɓa ta ta koma 110,000, ta yi ta rarrafe har 140,000 a 2008. Sai dokar 2015 ta ce a yi lissafin bashin da aka bari a baya gaba ɗaya, shi ya sa a 2016 ta yi tsalle zuwa 280,469. Wanda ya ga an ninka zai ce an tsananta, amma ƙarfin dubu ɗarin 1980 kawai aka maido.

Tun daga nan babu wanda yake zama ya yi shawara. Ana duba ma'aunin farashin kayan masarufi na watan Oktoba, a gwada shi da na Oktoban bara, ofishin kasafin kuɗi na fadar shugaban ƙasa ya fitar da alƙalumman da za a ninka da su, hukumomi su buga sabon adadi zuwa 15 ga Janairu. A shekarar da farashi ya yi tashin gwauron zabo, tarar ta tashi daga 326,163 a 2022 zuwa 351,424 a 2023.

Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nisabin zakka dinari ashirin ne tun fil azal, mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari. Hukumomin zakka suna fitar da ƙimarsu a naira lokaci zuwa lokaci, kuma ban taɓa jin wanda ya ce malamai sun ƙara nisabi ba. Cewa ake zinariya ta tashi. Mudun yana nan, kuɗin cika shi ne ya canza. Ni dai "daidaita ƙimar tara da hauhawar farashi" zan rubuta.

Tsohon ma'aikacin rediyo, Zariya:
Malam ya gama magana, sai dai jimlarsa ta fi ƙarfin numfashi ɗaya. A cikin labari a faɗe ta cikakkiya sau ɗaya, daga nan a riƙa cewa "tara mai bin farashi". Ana cewa kaya sun bi kasuwa, to tara ma ta bi. Kalmar za ta yi mana amfani a gida ma, ba don muna da na'urar binciken nukiliya a nan jami'ar Ahmadu Bello kaɗai ba. Tarar ƙona iskar gas a ƙasar nan naira 10 ce a kan kowace ƙafa dubu ta ma'aunin gas (cubic feet) tun 1998, ta yi shekara ashirin a haka kafin a mayar da ita dala 2 ga manyan kamfanoni a 2018. Da tana bin farashi da ba ta zama kuɗin goro ba.

Lauya, Kano:
"Mai bin farashi" ta yi mini, duk da ina jin wani zai karanta "tara" ya ɗauka ta bayan takwas ce. Malama, ki sa "cin tara" a jimlar farko, daga nan ba mai ɓata.

Mai fassara, Kaduna:
Allah ya saka da alheri, iyayena. Ga abin da na tura: "Amurka ta daidaita tarar hukuma kan karya ƙa'idojin kiyaye haɗarin nukiliya da hauhawar farashi." Edita ya dawo mini da shi wai ya yi tsawo da layi guda, ya maye gurbinsa da "Tarar nukiliya a Amurka ta bi farashi, ta kai dala 372,240." Na bar masa. Madaniyyar Barista kuma na ajiye ta a littafina, ranar da aka ba ni takardar kotu zan ɗauko ta.