Wane suna za mu raɗa wa wannan injin da Hausa?

1/ 'Yan uwa injiniyoyi da malaman Hausa, a taimaka. Muna rubuta ɗan bayani domin masu naɗin koyil a nan Jos kan injin da Turawa ke kira switched reluctance motor, da yadda ake duba halinsa a kwamfuta kafin a ƙera shi. Suna ne ya tsayar da mu.

2/ Mota dai ba ta cikin lissafi, don da ka ce motar lantarki kowa mai taya huɗu zai hango. Inji za mu ce.

3/ Ga abin da ake son raɗa wa sunan. In ka zaro rotarsa, wato ɓangaren da ke juyawa, ƙarfe ne zalla mai haƙora: ba waya, ba maganaɗisu, ba burushi. Koyil duk yana jikin ɓangaren da ke tsaye. A wanda aka fi koyarwa da shi, haƙora 6 ne a tsaye, 4 a rota. A ba koyil biyu masu fuskantar juna wuta, su jawo haƙoran da suka fi kusa, a ɗauke, a ba na gaba. Kowane ja digiri 30 ne, ja 12 ke nan a zagaye guda.

4/ Wani ya leƙa ƙamus ya duba reluctance, ya ce mu kira shi injin jan ƙafa. An yi dariya, amma bai zauna ba. Tun 1888 da Oliver Heaviside ya shigo da kalmar reluctance cikin wannan ilimi, abin da take nufi shi ne yadda abu ke turje wa ƙarfin maganaɗisu ya hana shi ratsawa. Iska na turjewa sosai, ƙarfe kaɗan. Rota kuwa kullum tana neman inda turjiyar ta fi sauƙi, wato haƙori ya yi saiti da haƙori. Saboda haka turjiya.

5/ Switched ɗin fa? Kunna-kashe ya yi kama da wasan yaro da makunnin fitila. Ni karɓa-karɓa na zaɓa, wadda 'yan siyasa suka riga suka koya wa kowa.

Wani dattijo mai gyaran inji a Dilimi ya ce mini, "Injiniya, ai kowane inji mai layi uku karɓa-karɓa yake yi." Na ce gaskiya ne, Baba, sai dai a can wutar ce ke zuwa a haka. Wannan ko ka jona shi da layi kai tsaye ba zai juya ba, sai da na'urar da ta san inda rota take, ta kuma san wanda za ta miƙa wa wuta. Maganarsa ce ta sa ban yarda a jefar da turjiya daga sunan ba.

6/ Injin turjiya mai karɓa-karɓa. A nan na tsaya.

7/ Simulation kuma kwaikwayon kwamfuta, ba gwaji ba. Gwaji sai da inji a kan benci. Kuma wannan injin yana buƙatar kwaikwayon ƙwarai, domin ƙarfensa na ƙoshi: akwai inda in wuta ta kai, ko ka ƙara, maganaɗisun ba ya ƙaruwa daidai da ita, sai lissafin kan takarda ya yi maka ƙarya. Shi ya sa ake haɗa jadawalin yawan wuta da kusurwar rota, a loda a manhajar Simulink, a riƙa matsar da lokacin kunnawa da na kashewa. Ka makara wajen kashewa, haƙori ya wuce saiti, sai koyil ɗin ya jawo shi baya, ya zama birki. Ƙarara ake ganin layin da ke nuna ƙarfin juyi a kwamfuta ya faɗa ƙasa da sifili.

8/ Saura ɗaya. Ƙarfin juyinsa ba ya tafiya sumul, hawa da sauka yake yi, yana kuma cikin abin da ke sa shi ƙara. Fizge-fizge na sa wa wannan. Mai wadda ta fi ta, bismillah.