Rumbun Martin da Kofunan Garrido

Bazazzagin Talahasi

Assalamu alaikum mutanen zaure. Jiya na bi ta gaban filin wasan Dick Howser na jami'ar Florida State da ke Talahasi, na ga sunan marigayi Mike Martin a jiki, sai baitoci suka taso mini. Ga wanda bai san shi ba, kocin besbol ne, ya riƙe ƙungiyar jami'ar daga 1980 zuwa 2019, ya ci wasa 2,029, babu kocin jami'a da ya kai shi. Lamba 11 yake sawa, har ta zame masa suna. Ƙwar biyu ce. Mai ja ya shigo.

Bismillahi na buɗe bakina,
Ya Rabbi ka sassauta harshena.

Dattijon Talahasi zan yaba,
Mai Goma-sha-ɗaya, gwanina.

Damina arba'in yana noma,
Gona guda, ku riƙe zancena.

Kowace shekara ya ci arba'in,
Ba ragi ko sau ɗaya, ga lissafina.

Sau goma sha bakwai ya je Omaha,
Ku tambayi titi, shi ne mashaidina.

Ya raini Posey tun yana ɗanye,
Da Drew mai sanda, abin alfaharina.

In da kocin da ya kai shi rumbu,
Ku kawo shi nan in tuɓe rawanina.

Bakanon Ostin

Wa alaikumus salam. Ashe bawana ya iya waƙa. Riƙe rawanin da kyau, iska na zuwa.

Na ji ka, Bazazzagi bawana,
Kana ta kirari a ƙofar gidana.

Sau goma sha bakwai ya ci kasuwa,
Me ya sayo? Faɗa mini, ƙanena.

Mai zuwa rafi da tulu kullum,
Ya dawo wayam, ya bar ni da ƙishina.

Garrido na Texas ya je sha biyar,
Ya ɗauko biyar, ka ji ubangidana.

Uku a Fullerton, biyu a Ostin,
Hannu guda cif, ga aron yatsuna.

Rubuta ka liƙa a bango: 1979, 1984, 1995, 2002, 2005. Naka kuma ka rubuto mini shekara ɗaya tak, zan jira.

Ɗan Damagaram

Ku yi mini afuwa, ni baƙo ne,
Na shigo zaure na iske faɗa ne,
Omahan da kuke ta kai wa toshi,
Budurwa ce ko sunan gari ne?

Mu a nan kokawa ce wasanmu,
Mai takobi shi ne sarkinmu,
Wanda ya yi kaye dubu bai ɗau takobi ba,
Sai mu ce sannu, ya koma cikinmu.

Bakanon Ostin

Allah ya yi maka albarka, Ɗan Damagaram. Ba ka san wasan ba amma ka yanke shari'ar.

Hajiya Uwar Zaure

Ɗana na Damagaram, Omaha gari ne a jihar Nebraska ta Amurka. Tun 1950 can ake yin gasar ƙarshe ta besbol ta jami'o'i, duk watan Yuni, ƙungiya 8 ke isa, ɗaya ta tafi da kofi. Wasan kuwa, ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya doke ta da sanda ya ruga ya zagaya tasha huɗu, in ya dawo gida lafiya an ci ɗaya. Turmi 9 ake yi, in an yi kunnen doki a ƙara. Iyakar sanina ke nan, shi ma jikana ne ya koya mini. Ku ci gaba, amma ban da zagin iyaye.

Bazazzagin Talahasi

Godiya muke, Hajiya. Na sauya amsa-amo, in ya isa ya biyo ni.

Bakano, ci kabewarka ka saurara,
Yau zan karanta maka gaskiya.

Gwanin naka ɗan ci-rani ne,
Jami'a biyar ya taka yana tafiya.

Ya bar Fullerton ya je Illinois,
Damina uku ya juyo baya.

Wasan nasa ma na 'yan koyo ne,
A dunguri ƙwallo kamar mai jin kunya.

Yaron da ya raina a Fullerton,
Shi ya kayar da shi, ina ka ɓuya?

Da asara ta rinjayi nasara,
Ya miƙa makulli ya kama hanya.

Namu ya tsallake shi a Clemson,
Turmi sha uku, an ji a duniya.

Tunda kana son shekaru, ga naka. A 2004 Fullerton ɗin da ya bari ita ta doke Texas a wasan ƙarshe, kocinta kuma George Horton, tsohon mataimakinsa. A 2016 ya ci 25 aka ci shi 32, ya sauka. Ran 5 ga Mayu 2018 Martin ya ci wasa na 1,976 ya wuce 1,975 ɗinsa, da ci 3 da 2. Garrido ya rasu a watan Maris na shekarar, bai ga ranar ba, wannan kam ba zan yi wasa da shi ba.

Bakanon Ostin

Kabewar nan da ita aka yaye ka a gidanmu. Na biyo ka.

Dungurin da kake rainawa, yaro,
Shi ya cika kabad ba hayaniya.

Mai tsallake katanga ya sha tafi,
Mai dungure shi ya kai amarya.

In almajiri ya kayar da malam,
Karatun malam ne ya yi 'ya'ya.

Naku fa? Arizona ta ba shi goma,
Ya rama biyu tak, ya sha wuya.

Miami maƙwabta, shida da biyar,
Tazarar ɗaya ta zame masa ƙaya.

Kishiyarku Gators mu muka dake ta,
Ko "mun gode" babu, ba ku da kunya.

Na Arizona a 1986, na Miami a 1999, duka wasan ƙarshe ne, duka ya dawo da tulun. Gators kuwa, wato jami'ar Florida, 2005.

Ɗan Damagaram, dunguren nan da yake yi wa dariya dabara ce. Mai bugu ba ya dukan ƙwallon, tara sandar yake yi ta faɗi nan gabansa. Shi a fitar da shi, amma ɗan'uwansa da ke tashar farko ya matsa ta biyu, wani ya zo ya kai shi gida. Ɗaya ya fāɗi don ɗaya ya ci. Kuma in ana batun turmi, sha uku har abin faɗa ne? A 2009 Texas da Boston College sun yi turmi 25, sama da awa 7 ana abu ɗaya, Austin Wood shi kaɗai ya yi jifa turmi 13, muka ci 3 da 2.

Malam Mai Ma'auni

Salamu alaikum. Ni ba ruwana da koci ko kofi, kunnena ne ke ciwo. Bazazzagi ya buɗe da gaɓa 10, ɗangon ya zauna daram, kafin ya kai "mashaidina" ya koma 12. Ɗan Damagaram ya tashi daga 9 ya yi tsalle zuwa 14, ko a kokawa wannan tsallen karya ƙafa yake. Sannan "gidana, ƙanena, ƙishina": wannan amsa-amon rago ne, kowace kalma ka liƙa mata "na" ta shiga. Bakano ma har ya maimaita gida a "gidana" da "ubangidana".

Ku tsaya, ya masu yabon koci,
Baiti ba buhun gawayi ba ne.

Ba a danna shi da ƙafa ya cika,
Kowane ɗango da mudunsa ne.

Wanda ya rasa kofi na ji tausai,
Wanda ya rasa kari abin kuka ne.

Bakanon Ostin

Allah gafarta Malam, na ji faɗa,
Ka hana mu "na", kai ka ɗauko "ne".

Mudun naka na Larabawa ne,
Fullerton ba ta shiga ko dole ne.

Ni da kalangu nake awon nawa,
In ƙafa ta motsa, to daidai ne.

Gimbiyar Alƙalami

Malam ya faɗi gaskiya, kuma baitinsa na ƙarshe ya fi duk abin da aka zuba tun safe. Mai kalangu ma awo yake yi, in ya saki kari 'yan rawa ne za su fara harararsa. Fullerton kuma tana shiga sarai: Fu-la-tan, gaɓa uku. Lalaci ne kawai.

Bazazzagin Talahasi

Yaya Gimbiya, kowa ya san ke ɗalibar Malam ce, ko tari ya yi cewa za ki yi Mutadarik ne. Ƙirga ɗangonsa na ƙarshe ki gani in bai kai 12 ba. Yau dai ina bayan Bakano, Allah ya yafe mini.

Gimbiyar Alƙalami

Gajerun gaɓoɓi biyu suna tsayawa a madadin doguwa ɗaya, ƙanena. Ba a ƙirga ɗango kamar ana ƙirga goro.

Bakanon Ostin

To ai shi Malam ɗin da ƙirgan goro ya kama mu!

Malam Mai Ma'auni

Na ƙirga muku ne da abin da za ku gane. In na ce muku sababi da watadi, cewa za ku yi sunayen 'yan wasan Texas ne.

Ɗan Damagaram

Ni dai tsallen nan nawa na 14 ban janye shi ba. Takobi ba ya shiga ƙaramin kube.

Hajiya Uwar Zaure

Saƙo shida a kan gaɓa, ba baiti ko ɗaya. Malam, a buɗe wa aruli nasa shafin. Duk wanda ya sake magana nan ba da waƙa ba, tarar baiti uku.

Tsohon Kalifoniya

Kwana uku ban leƙo ba, jikoki sun riƙe wayar. Na karanta duka. Hajiya, ga tarata tun kafin a ci ni.

Ku matsa gefe, 'yan bana-bakwai,
Mai tuwo ya iso, ku ɗauke gari.

Dedeaux na USC nake nufi,
Kofi sha ɗaya, wa ke da ƙari?

Biyar a jere, shekara bi shekara,
Omaha ta san shi kamar ɗan gari.

Albashinsa dala guda a shekara,
Motocin kaya ke ba shi jari.

Naka sha ɗayarsa tana kan riga,
Nawa tana kabad, ka ji kirari.

USC jami'ar Kudancin Kalifoniya ce. Jeren biyar ɗin daga 1970 ne zuwa 1974. Kamfanin motocin dakon kaya gare shi, shi ya sa bai damu da albashi ba. A 1973 Minnesota na cin su 7 da nema har turmin ƙarshe, Dave Winfield ke jifa kamar aljani, yaran Dedeaux suka zuba 8 a turmi ɗaya. Tom Seaver, Mark McGwire, Randy Johnson, duk ta hannunsa suka bi. 'Ya'yana, ku je ku yi wasa.

Malam Mai Ma'auni

Baba, tambaya ɗaya, da baiti don tsoron Hajiya:

Sunan nan mai haruffa bakwai,
Yaya ake kiransa a kan harshe?

Tsohon Kalifoniya

Dedo. Sauran haruffan ado ne, irin na Faransawa.

Bakanon Ostin

Ranka ya daɗe, Baba, na durƙusa,
Sha ɗaya ba a ja da ita, na yarda.

Amma wa ya tsinke jeren nan naka?
Yaro ne daga Fullerton, ba gardama.

Shekarar 1975 nake nufi, Baba. Shekarar farko ke nan da Fullerton ta shiga rukunin manya, ba wanda ya san da ita, Garrido ya fitar da USC tun a zagayen yanki ya wuce Omaha. Na san "yarda" da "gardama" ba su haɗu ba, Malam, ajiye bulalar, a bakin aiki nake rubutawa.

Bazazzagin Talahasi

Kun taru a kaina, ba komai. Ga na ƙarshe daga gare ni, Malam ya auna in ya ga dama. A Yunin 2019, shekararsa ta ƙarshe, da ƙyar aka sa mu cikin gasar. Muka je har gidan LSU, jami'ar jihar Louisiana, muka fitar da su, muka isa Omaha muka ci Arkansas 1 da nema. Michigan ta ci mu, sannan Texas Tech ta rufe da 4 da 1. A falon maƙwabciyata na kalla, wata tsohuwar Baturiya mai tsohuwar hular ƙungiyar da ta koɗe.

Shayin da ta ba ni ya huce a hannu,
Ban kurɓa ba har aka tashi.

Ta cire hular ta ɗora a gwiwa,
Tana shafa ta kamar mai lallashi.

Na ce mata, Inna, kofin ya ƙi,
Ta ce, ɗana, ai ba a bin sa bashi.

Tun ina amarya nake zuwa filin,
Ban taɓa sayen tikiti na yi da-na-sanin shi.

Ya rasu ran 1 ga Fabrairu 2024, yana da shekara 79.

Gimbiyar Alƙalami

Wannan kam ta taɓa ni. Na janye rabin abin da na faɗa.

Bakanon Ostin

Inna ta yi magana, na sauke sanda,
Amma ka lura da wanda ya rufe shi:

Ko ina ka juya Texas ce dai,
Ita ta karɓi tulun ta aje shi.

Bazazzagin Talahasi

Texas Tech ta Lubbock ce, ba taku ta Ostin ba. A 2019 ɗin ku ko gasar ba ku shiga ba. Bakano da cin riba a rumfar wani!

Malam Mai Ma'auni

Baitin hula ya zauna, ba ni da ta cewa. Amma ɗangon tikitin nan gaɓa 15 ne, ko Ɗan Damagaram bai yi wannan tsallen ba. Kuma Hajiya, su uku sun yi magana ba da waƙa ba, ni na huɗu.

Ɗan Damagaram

An karɓe mini takobin ke nan?