Taƙaitawa: matsalar kabureta uku a injin 440 Six Pack

Ga abin da aka tattauna kan gyaran kabureta uku na kamfanin Holley (ɗaya a tsakiya, biyu a gefe) da ke injin motocin Dodge da Plymouth, 1969 zuwa 1971:

1. Kowa ya yarda: a fara da fulogi da taimin, sannan kabureta ta tsakiya.
2. Na gefe biyu zuƙar iska ke buɗe su. A duba tiyo da robar cikin gwangwanin da ke jan su su buɗe, ko ta yage.
3. Taka totur mota na tsaye ba ya buɗe su, sai tana gudu. Mutane da yawa nan suke ruɗewa.
4. In tana shaƙewa lokacin buɗewa, a sa sifirin mai ƙarfi a cikin gwangwanin.
5. Silo ya yi sama? Wataƙila na gefen ba sa rufewa ruf.

An rabu kan haɗa na gefen da sandar totur kai tsaye: wasu na so, mafi yawa sun ce a bar tsarin kamfani.