Ɗana yana aji huɗu amma bai iya karatu ba, me za mu yi a unguwa?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. A Rigasa nake. Yarona yana aji huɗu na firamaren gwamnati, amma ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. Ajinsu ya cika maƙil, wasu a ƙasa suke zama. Kuɗin makarantar kuɗi babu. Yaran maƙwabta ma haka suke. Don Allah a ba mu shawara.

Malam Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki zargi yaron, malami ɗaya ba zai iya duba littafin kowa a irin wannan aji ba. Ku tara yaran layinku ranar Alhamis da Juma'a da yamma, tunda Islamiyya na hutu. Ku samu ɗalibin NCE ko wanda ya gama sakandare, ku riƙa haɗa masa ɗan abin sabulu. A raba yaran gwargwadon abin da suka iya, ba ajinsu ba. A fara da Hausa: ba, bi, bu, sannan kalmomi. Yaron da ya iya karanta harshensa, Turanci ba ya ba shi wuya sosai.

Yaya Tudun Wada:
Hajiya, dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma wajibi. Kowace makarantar gwamnati ya kamata a ce tana da kwamitin kula da makaranta na al'umma (SBMC), da iyaye mata a ciki. Ku je taronsu, ku rubuta wa SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, buƙatar benci da ƙarin malamai ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku ta Igabi.

Anti Kawo:
Kada a manta da 'yan mata masu talla. A saka su ma.