Neman kalma: garanti za mu ce, ko lamunin aibi?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta wani bayani kan motocin gudu, sai na ci karo da kalmomi biyu na Turanci. Ɗaya ta zo da sauƙi, ɗayar kuwa yau kwana uku ina juya ta ban samu natsuwa ba. Ta farko "transmission", ta biyu "warranty", wato kariyar da kamfani ke bai wa wanda ya sayi kayansa. Na kawo su nan mu haɗa kai.

Ta farkon ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Ku je kowane gareji, bakanike zai ce muku giyabos. "Giyabos ɗin ya tafi", "giya ta ƙi shiga", "kuloci ya cinye". Wasu marubuta na sa "akwatin giya", amma a rubuce, inda ba a nuna karin sauti, mai karatu zai iya ɗauka katan ɗin barasa ake nufi. Giyabos ya riga ya zauna a bakin masu sana'ar, na bar shi a haka.

Damuwata tana kan ta biyu. Kafin kowa ya ce "ai garanti ne, me ye abin wahala", ku ji labarin da ya sa na tsaya.

A ƙarshen 2007 kamfanin Nissan ya fitar da motar GT-R samfurin R35 a Japan, ta shiga kasuwar Amurka a 2008 kan kusan dala 70,000. Injinta mai silinda shida ne, lita 3.8, da turbo biyu, ƙarfin doki 480. Injin yana gaba, giyabos ɗin kuwa can baya aka dasa shi, wajen ƙafafun baya, don nauyi ya rabu. Sunansa GR6, giya shida, kuloci biyu: ɗaya na riƙe da giya ta 1, ta 3 da ta 5, ɗayan na riƙe da ta 2, ta 4 da ta 6. Kana cikin wata giyar, ta gaba ta riga ta shirya, shi ya sa canjin yake kamar ƙiftawar ido.

A lokacin motar tana da wata dabarar tashi daga tsaye. Direba zai kashe na'urar da ke hana mota zamewa, wadda Nissan ke kira VDC, ya danne birki da ƙafar hagu, ya take totur har ƙasa da ta dama. Injin zai tsaya yana ruri a juyi 4,500 cikin minti ɗaya. Da ya ɗage ƙafa daga birki, duk wannan ƙarfin zai faɗa wa giya ta ɗaya lokaci guda, ƙafafu huɗu su cafki kwalta, mota ta kai gudun kilomita 100 kafin daƙiƙa huɗu ta cika. Da wannan tashin mujallun motoci suka riƙa auna ta suna yabo, kuma da shi masu saye suka yi ta gwadawa. To ƙarfe ne. Wasu giyabos suka fara fashewa, haƙora suna kakkaryewa.

Da masu motar suka koma wurin dila, sai aka buɗe musu littafin mota. An rubuta cewa ba a kashe VDC sai in mota ta maƙale a taɓo ko ƙanƙara, kuma ɓarnar da ta biyo bayan kashe ta ba ta kan kamfani. Ita motar ma tana ajiye bayanin abin da aka yi da ita, ba wurin musu. Sabon giyabos a lokacin kusan dala 20,000, daga aljihun mai mota, alhali takardarsa ta ce inji da giyabos suna da kariyar shekara 5 ko mil 60,000. Rigima ta kai kotu a Amurka, aka ƙare da sulhu, Nissan kuma ya sauya manhajar motar: aka rage juyin injin wajen tashi, aka kuma sa ana iya yi ba tare da kashe VDC ba.

Yanzu ku saka kalmar garanti cikin wannan labari ku ji. A bakin Bahaushe garanti ya wuce takarda. In aka ce "zuwansa ba shi da garanti", ana nufin ba tabbas. In mai shago ya dafa rediyo ya ce "wannan garanti ce", yana nufin ba za ta ba ka kunya ba, ƙarewa ke nan. Kalmar ta koma ma'anar tabbacin da ba shi da sharaɗi. Wanda ya karanta cewa GT-R tana da garantin shekara 5 zai fahimci duk abin da ya same ta cikin shekarun nan kamfani zai gyara. Wannan fahimtar ce ta jefa mutane cikin asarar dala 20,000, kuma ba na son rubutuna ya ƙara shuka ta.

Wasu 'yan uwa sun kawo shawarwarin kalmomi. Na gode wa Malam da ya kawo "inshora". Ba ita ba ce, Malam. Inshora kai ke biya duk shekara, kuma hatsari take rufewa, ko da laifinka ne. Wannan kuwa cikin kuɗin mota take, kuma ruwanta da abin da ya zo a lalace daga masana'anta kawai.

Hajiya ta ce "alkawarin gyara". Wannan ya kusa ƙwarai, kuma kowa zai gane shi ba sai an yi bayani ba. Inda ya gaza shi ne bai faɗi gyaran me ba. Mai GT-R ma alkawarin gyara ya ɗauka an yi masa.

Wani ɗan'uwa ya ce mu rubuta "waranti" kawai mu huta. Da zan yarda, don ba na ƙin aro, mota da birki da totur duk aro ne. Sai dai kunnen Bahaushe ya riga ya san "waranti" a wajen 'yan sanda da kotu, takardar kama mutum ko ta bincike gida. Kuma waranti da garanti harafi ɗaya ya raba su, a baki za su sake narkewa su zama abu ɗaya.

Abin da zuciyata ta fi kwanciya da shi na samo shi ne daga karatun zaure. A babin ciniki malaman fiƙihu suna maganar zaɓin aibi: ka sayi kaya, daga baya ka ga aibin da yake tare da shi tun kafin ciniki, kana da damar mayarwa. Aibin da ya faru a hannunka kuwa naka ne. Ainihin gardamar GT-R ke nan. Masu mota suna cewa giyabos ɗin ya zo da rauni, tunda kamfani ne ya gina dabarar tashin a ciki. Kamfani yana cewa ku kuka jawo, tunda littafi ya hana. Ga kuma "lamuni", kalmarmu ta tsayawa wani: "na lamunce maka", wato in abu ya ɓaci yana wuyana. A haɗa su: lamunin aibi. Kamfani ya lamunce aibin da ya fito daga wurinsa, zuwa wani wa'adi.

Na ga gyaran da Yaya ya yi, cewa yanzu mutane da sun ji lamuni sai su tuna bashin banki. Gaskiya ne, kuma ya dame ni. Amma ina ganin "aibi" da ke biye yana janye hankali daga banki tun kafin a kai ƙarshen jimla. Na gwada a kan wani mai gyaran waya, na ce masa sabuwar waya tana zuwa da lamunin aibi na shekara ɗaya. Bai tambaye ni ma'ana ba, cewa ya yi: "Wato in ta faɗa ruwa ba ruwansu." Da garanti na ce, da ban ji wannan amsar ba.

Saura kalmar aikatau da za ta bayyana abin da Nissan ya yi wa waɗancan mutane. "Soke" ya yi nauyi, don ba duka lamunin aka janye ba, wannan ɓarnar kaɗai aka ƙi ɗauka. Ga yadda na rubuta jimlar a yanzu: "Giyabos ɗin motar ya fashe tana cikin wa'adin lamunin aibi, amma kamfanin ya ce ɓarnar ba ta shiga lamuni ba, saboda direban ya kashe VDC." Masu gareji da dilolin mota da ke nan, ku karanta ta da ƙarfi ku gaya mini inda harshe ya sarƙe, gobe da safe nake miƙa rubutun.