Wai kuɗin binciken kansa ba ya sauka ƙananan asibitoci ne?

Ɗan Albasa, Mile 12:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani a taimaka min don abin nan ya tsaya min a rai. Yayata ce ta ji ƙullutu a mamanta na hagu tun kafin azumin bara, muka kai ta wani ɗan asibiti a unguwarmu aka ce maruru ne zai nuna ya fashe, aka ba ta kafso da maganin ciwo, ta koma sau uku ana ƙara mata kafson nan dai, sai da fatar wurin ta koma kamar ɓawon lemo sannan aka rubuta mana takarda zuwa janaral, daga can kuma asibitin koyarwa, aka yanki nama aka kai gwaji, sakamako ya fito wai kansa ce mataki na 3. Yanzu tana kan kimo, wato allurar maganin kansa, an yi 4, gashinta duk ya zube amma alhamdulillah tana cin abinci.

Likitan ya ce mu kawo katinta na ɗan asibitin farko ya ga yaushe abin ya fara, na je wallahi an kwashe awa guda ana bincike cikin kwali a ƙarƙashin tebur ba a gani ba. To ni nake jin a rediyo gwamnati na da hukumar binciken kansa, kuɗin ina suke zuwa? Ba nan ne ya kamata a fara binciken ba, inda talaka ke fara zuwa?

Nas ta Idi-Araba:

Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya ba Yaya lafiya Ya sa kaffara ne. Hukumar da ka ji sunanta NICRAT, tana Abuja, an yi dokar kafa ta tun 2017 amma sai 2023 ta fara aiki sosai. Kuɗin bincike kuma yawanci ta jami'o'i da asibitocin koyarwa suke bi, kamar na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, sai cibiyar binciken lafiya ta NIMR da ke nan Yaba. Kafin a ba ka sai ka rubuta takardar nema mai tsawo, ka samu izinin kwamitin ɗa'a, ka nuna kana da lab da mai lissafi, to ɗan asibitin da nas ɗaya ce ke karɓar haihuwa ita ce ke riga-kafi ita ce ke rubuta kati, yaushe za ta zauna wannan? Kuɗin da ke sauka wurinsu na BHCPF ne, asusun kula da lafiya a matakin farko, kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya da dokar lafiya ta 2014 ta ware, shi kuma na magani da gyaran gini da kayan aiki ne, ba na bincike ba.

Maganar katin nan ita ta fi min zafi. Da ana rubuta duk macen da ta zo da ƙullutu, shekarunta, ranar da ta zo, ranar da aka tura ta gaba, da an san wata nawa ake ɓatawa a hanya da kuma a wace gaɓa ake ɓata su. Mu a nan sai dai mu ga mace ta iso abu ya riga ya fashe yana ruwa, ka tambaye ta ta ce ai shekara guda kenan tana yawon asibiti.

Baba Mai Canji, Agege:

Ku yaran nan kuna ba ni mamaki. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mutum na neman kuɗin kimo kuna maganar bincike? A sayo injin gasa kansa tukuna a rage kuɗin magani. Cibiyar kansar nan ta LUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Legas, da Buhari ya buɗe a 2019 tana da kyau, na kai maƙwabcina na gani da idona, amma ka ga mutane daga jihohi barkatai kowa da ledar fayil ɗinsa yana jiran layi, wasu a masallaci suke kwana. Tun 2001 a Abuja ɗin nan shugabannin Afirka suka yi alkawarin kashi 15 na kasafin kuɗi ga lafiya, mu har yau ko rabi da ƙyar. Turawa sun riga sun yi binciken, mu magani muke nema.

Ɗalibin Yaba:

Baba a yi min afuwa, ban ƙi maganarka ba amma akwai gyara. Akwai kansar yara da ke kumbura muƙamuƙi, ana ce mata Burkitt, sunan likitan da ya gano ta a Uganda a 1958. Ba da wani babban inji ya gano yadda take yaɗuwa ba, takardu ya buga da hoton yaran ya aika wa ƙananan asibitocin mishan da na gwamnati a faɗin Afirka yana tambaya kuna ganin irin wannan? A 1961 shi da abokansa biyu suka shiga tsohuwar mota Ford suka yi tafiyar kusan mil 10,000 asibiti bayan asibiti, sai ga shi cutar ta fi yawa a inda ake zafi da ruwan sama, wato inda zazzabin cizon sauro ya yi katutu. Daga naman da ya riƙa aikawa Ingila aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr mai alaƙa da wannan kansar a 1964. Duk daga littafin rajistar asibitocin ƙauye abin ya taso.

Su kansu Amurka sun lura yawancin masu kansa a asibitocin kusa da gida suke jinya, shi ya sa gwamnatinsu ta kafa shirin NCORP a 2014, tana ba irin waɗannan asibitoci kuɗi su shigar da majinyata gwajin sababbin magunguna ba sai mutum ya yi ƙaura zuwa babban birni ba. Kuma Baba kansar mama a nan tana yawan kama mata da ƙuruciyarsu fiye da na Turai, in ba mu ƙirga namu ba wa zai ƙirga mana? Hasashen hukumar lafiya ta duniya na 2022 ya ce sababbin masu kansa a Najeriya kusan 128,000 ne, mutuwa kusan 80,000, amma hasashe ne daga ƴan rajistoci kaɗan irin ta Ibadan da aka kafa tun 1960. Wadda ta rasu a gida ana cewa jifa ne ko daji, ba ta cikin littafin kowa.

Maman Hanifa, Obalende:

Ni dai abin da zan ƙara, mu mata kunya na cin mu, ba kowace za ta buɗe ƙirjinta gaban likita namiji ba, balle ba ta jin Yarbanci ba ta jin Turanci. A Mumbai ta Indiya mata ƴan unguwa aka koya wa duba bakin mahaifa da ruwan binega, aka bi mata kusan 150,000 shekara da shekaru, mutuwa daga kansar ta ragu da kashi 31 cikin 100. Me zai hana a gwada a Agege da matanmu? Kuma allurar HPV, riga-kafin kansar bakin mahaifa, ta ƴan mata ƴan shekara 9 zuwa 14 kyauta ce tun Oktoban 2023, na kai tawa, sai da muka yi kwana biyu muna daru da babanta kafin ya yarda.

Ɗan Albasa, Mile 12:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Baba gaskiyarka ce ta wani gefen don buhu 30 na albasa na karyar kafin mu kai kimo na uku. Anti Nas an ce akwai wani asusun tallafi, gaskiya ne?

Nas ta Idi-Araba:

Akwai, Cancer Health Fund, an fara shi 2021 don kansar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza wato furostet, da asibitoci 6 aka fara, Zariya, Abuja, Gombe, Ibadan, Benin da Enugu, babu Legas a cikinsu a lokacin. Ranar kimo na gaba ka nemi ofishin walwalar majinyata na asibitinku ka tambaye su ko suna ciki da takardun da ake buƙata. Kuma ka sayi littafi ɗan 40 lif ka riƙa rubuta komai da kanka, ranar allura, sunan magani, sakamakon jini, sannan ka ɗauki hoton kowace takarda a waya kafin ka miƙa ta.